Yadda ake ziyarar tsohon birnin Fas a ƙafa, daga shiri har komawa gida

Mutanenmu da yawa sun je Fas ta ƙasar Maroko, amma waɗanda suka ga garin sosai ba su da yawa. Abin da aka saba shi ne mutum ya sauka da yamma, a kai shi zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, ya yi ziyara, ya sayi jallabiya biyu da turare, washegari ya kama jirgin ƙasa ya koma Kasablanka. Wannan yana yi mini ciwo, domin garin da aka kafa tun shekarar 789 ya fi ƙarfin kwana ɗaya, kuma Bahaushe zai ga abubuwan da ya sani tun yarinta a cikinsa fiye da yadda yake zato. Kwana uku cikakku shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi. In hali ya yi, a ƙara na huɗu saboda garin Miknas da kufan Walili, tsohon birnin Rumawa.

Zaɓi lokacin zuwa

Fas tana cikin kwari ne, nesa da teku. A watannin Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40, kuma tafiyar duka ta ƙafa ce, hawa da gangara. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ga ruwan sama ga sanyi mai shiga ƙashi, wanda ya wuce hunturun da muka saba, kuma tsofaffin gidajen an gina su ne don su riƙe sanyi. Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokutan da jiki zai ji daɗi. Ka tsara yadda Juma'a za ta same ka a garin, amma kada ka ware ta don sayayya, domin galibin shagunan tsohon gari a rufe suke wuni. Ranar masallaci ce da zawiya.

Takardu da kuɗi

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma akwai ofishin jakadancin Maroko a Abuja. Tun 2022 ƙasar ta buɗe neman biza ta intanet, wadda ta fi sauƙi ga wanda yake riƙe da bizar Turai, Ingila ko Amurka mai rai. Ƙa'idar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ɗan Nijar ko Gana ko Kamaru ya tabbatar da tasa a ofishin jakadanci kafin ya biya kuɗin tikiti.

A filin jirgi, ka riƙe abu uku a takarda, ba cikin waya kaɗai ba: tikitin dawowa, shaidar masaukin da ka kama, da adireshinsa. Maroko hanya ce ta masu neman tsallakawa Turai, don haka jami'an shige da fice sukan tsananta tambaya ga matasan da suka fito daga wajenmu. Wanda takardunsa suke hannu ba ya daɗewa a layi. Za a buga maka wata lamba a fasfo, ita ce kowane masauki zai nema ka rubuta a takardar rajista. In da iyali za ka, ɗauki takardar shaidar aure, wasu masaukan sukan tambaya.

Kuɗinsu dirhami ne, kuma ba a samunsa da sauƙi a wajen ƙasar. Naira da sefa ba za su yi maka amfani ba, sai ka riƙe dala ko yuro. Canza kaɗan a filin jirgi, abin da zai kai ka Fas, sauran ka canza a cikin gari inda farashi ya fi kyau. A cikin tsohon gari kusan komai da tsabar kuɗi ake yi, kuma ƙananan canji sun fi manyan takardu amfani: ɗan dako, mai tasi, mai gadin takalma, duk ba su da canjin ɗari biyu. Sayi layin waya tun a filin jirgi, Maroc Telecom ko Orange ko Inwi. Soket ɗinsu mai baki biyu zagayayyu ne irin na Faransa, ɗan Najeriya ya taho da mahaɗinsa.

Hanya

Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasablanka. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin jirgin, ba sai ka fita waje ba. Hau zuwa tashar Casa Voyageurs, can ka sauya zuwa na Fas, wanda yake bi ta Rabat da Kenitra da Miknas, tafiyar kusan awa huɗu. Jirgin nan mai gudun tsiya da ake kira Al Boraq Tanja yake zuwa, ba ya biyawa ta Fas, kada ka ruɗe. In kana da kaya, ƙara ɗan abu ka sayi tikitin aji na ɗaya.

Tashar Fas tana sabon gari ne, wanda Faransawa suka gina bayan yarjejeniyar 1912 da ta sa Maroko ƙarƙashinsu. Daga nan ka hau ƙaramar tasi. Jajaye ne a Fas, mutum uku suke ɗauka, kuma suna da mita. Ka ce a kunna ta kafin mota ta motsa. Wanda ya ƙi, ka sauka ka taka zuwa bakin titi ka tsayar da wata.

Masauki

Ka kwana a cikin tsohon gari, Fas al-Bali, a irin gidajen da suke kira riyad ko dar. Daga waje ba ka ganin komai sai dogon bango da ƙaramar ƙofa, sai ka bi ta wani zaure mai lanƙwasa wanda ba ya barin na waje ya hango ciki, ka ɓulla tsakar gida mai famfon ruwa da ɗakuna kewaye. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram ya san hikimar wannan lanƙwasar.

Mota ba ta shiga tsohon gari. Saboda haka ka nemi masaukin da bai fi tafiyar minti biyar zuwa goma daga wata ƙofa ba: Bab Bujlud, ko dandalin Batha, ko Rasif. Mai niyyar yawan zuwa zawiya, ɓangaren Rasif ya fi masa kusa. Kafin ka iso, ka kira masu gidan su faɗa maka ƙofar da za a sauke ka, su kuma turo mai tarbarka. Akwai 'yan dako masu kura a kowace ƙofa, a yi ciniki kafin a ɗora kaya. In tare da tsoho ko tsohuwa kake, nemi ɗakin ƙasa, domin matakalan gidajen nan ƙanana ne masu tsayi, sun fi ƙarfin gwiwar dattijo.

Fahimci kwanciyar garin kafin ka taka

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne ake tsallakewa. Ana cewa lungunan Fas al-Bali sun kai dubu tara. Taswirar waya tana rikicewa a cikinsu saboda tsayin bango da rufin da ke kan wasu hanyoyin. Abin da ba ya rikicewa shi ne gangaren ƙasa. Garin kamar ƙwarya yake: ƙofofin suna bakinta, kogi da masallacin Ƙarawiyyin suna gindinta. Daga Bab Bujlud manyan hanyoyi biyu ne suke gangarawa, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira, kuma suna haɗuwa can ƙasa. In ka ɓata, ka bi gangara, za ka faɗa wajen Ƙarawiyyin ko Rasif inda akwai tasi. In kana son komawa Bab Bujlud, ka bi hawa. Lungun da ka ga mutane sun ragu, shaguna sun ƙare, sai ƙofofin gidaje, yawanci ba ya ɓullewa, juya ka koma inda jama'a take.

Kogin nan ya taɓa raba gari biyu masu ganuwa dabam-dabam. Maulaya Idrisu na ɗaya ya kafa na farko, ɗansa Idrisu na biyu ya kafa ɗayan a 809. Mutanen da aka kora daga Kurɗuba ta Andalus a 818 suka zauna a haye ɗaya, waɗanda suka zo daga Ƙairawan ta Tunisiya suka zauna a ɗayan. Yusufu ɗan Tashfin, sarkin Murabiɗai, shi ya rushe katangar da ke tsakani ya haɗe su wajen 1070. Har yau ana cewa hayin Andalus da hayin Ƙarawiyyin, kuma sanin wannan kaɗai yana taimaka maka ka gane inda kake.

Kalma ɗaya ka haddace tun yanzu: balak. In ka ji an ƙwala ta a bayanka, manne da bango. Alfadari ne ko jaki ɗauke da tukwanen gas ko ɗanyun fatu, kuma ba ya tsayawa.

Rana ta farko: gangara daga Bab Bujlud

Fito da ƙarfe takwas da rabi, da takalmi mai riƙe ƙasa wanda kuma yake da sauƙin cirewa, domin za ka yi ta shiga masallatai. Riƙe leda ta saka shi. Bab Bujlud ba tsohuwa ba ce kamar yadda take kama, a 1913 aka gina ta. Fuskarta ta waje shuɗiya ce, launin Fas, ta ciki kuma kore.

Kama Ɗala'a Kabira. Za ka ratsa mahauta da masu kayan miya, bayan 'yan mintoci ka iso makarantar Bu Inaniya, wadda Sarki Abu Inan na gidan Banu Marin ya gina tsakanin 1350 da 1355. Nan kada ka yi gaggawa. Tsaya a tsakar gidan ka karanta bangon daga ƙasa zuwa sama. A ƙasa zallij ne, ƙananan gutsattsarin tangaram masu launi da aka sassaƙa ɗaya bayan ɗaya da guduma aka jera su suka ba da zane. A samansa layin rubutu ne. Sai farar sassaƙa mai kama da saƙar hula, sannan katakon arz da aka sauko da shi daga duwatsun Atlas, ya yi baƙi saboda shekaru. A saman bene akwai ƙananan ɗakunan ɗalibai, wasu da ƙyar mutum biyu za su miƙe ƙafa. Sarki ne ya gina wa almajirai wannan, da kuɗin da ake ba da labarin cewa da aka kawo masa lissafin, sai ya jefa takardun a ruwa saboda abin ya yi masa kyau. Na daɗe a tsaye a wurin ina tuna rumfunan kara da yaranmu suke karatu a ciki. Tsallaken hanya, ɗaga kai za ka ga tagogi goma sha biyu da itatuwa sun fito daga bango: ragowar agogon ruwa ne na 1357, wanda ake sanin lokutan salla da shi.

Ci gaba da gangara. Manyan ƙofofin da za ka riƙa gani masu faɗin da raƙumi zai shiga da kaya, funduƙ ne, wato masaukin fatake: dabbobi da kaya a ƙasa, 'yan kasuwa a sama. Mafi kyawunsu shi ne na Najjarin, unguwar kafintoci, wanda aka mayar gidan adana kayan katako. Hau rufinsa ka sha shayi, daga nan za ka fara gane yadda garin ya kwanta. Kusa da shi akwai kasuwar lalle, ƙaramin fili mai inuwar bishiya, inda mata za su sami lalle da kwalli da ruwan wardi.

Daga nan sai hubbaren Maulaya Idrisu na biyu, wanda ya rasu a 828. Za ka gane ka kusa idan ka ga gungumen katako an gitta a lungu daidai kai, sai an sunkuya. An sa shi ne don kada dabba ta wuce, kuma yana nuna iyakar hurumin wurin. A Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga galibin masallatai da zawiyoyi, sai dai ya leƙa daga ƙofa, amma makarantun tarihi a buɗe suke ga kowa. In kana tare da abokin tafiya Kirista, ka sanar da shi tun farko.

Makarantar Aɗɗarin, ta 1325, tana ƙarshen kasuwar masu kayan ƙamshi. Ta fi Bu Inaniya ƙanƙanta, amma a idona aikinta ya fi laushi. Daga tagogin samanta ana hango koren rufin Ƙarawiyyin.

Shi masallacin Ƙarawiyyin ba a ganinsa daga nesa in kana cikin lungu, shaguna da gidaje sun manne masa ta ko'ina, sai dai ka ga wata ƙofa ta buɗe ka hango ginshiƙai farare jere ba iyaka. Tarihi ya danganta gininsa ga Faɗimatu al-Fihriyya, 'yar wani attajiri daga Ƙairawan, wadda ta sa gadonta a aikin a 859. Murabiɗai suka faɗaɗa shi a ƙarni na 12 ya kai girmansa na yanzu. A lokutan salla ake buɗewa, don haka ka daidaita tafiyarka azahar ta same ka a nan. Shawarata kuma ka dawo da magariba. Bayan an sallame, za ka ga mutane sun yi da'ira kusa da mihrabi sun fara karatun izu ɗaya da murya ɗaya, kamar yadda ake yi kullum bayan asuba da magariba a masallatan ƙasar. A ranar da na fara zama a wurin, wani dattijo mai farar jallabiya ya matsa mini ya miƙo mini Alƙur'ani. Da na buɗe sai na ga fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun allonmu sak, karatun kuma Warshu ne. Ban san lokacin da bakina ya bi su ba. Malikiyyar da muke bi, da rubutun, da ƙira'ar, duk ta wannan yanki suka gangaro mana, kuma a wannan zaman ne na ji haka a jikina.

Ka ƙare ranar a dandalin Saffarin, inda maƙeran tagulla suke bugun manyan tukwane a fili. Kunnenka ne zai kai ka. Daga nan gangara kaɗan ka bi ta layin marina ka fita Rasif, ka hau tasi ta zagaya da kai masauki in ƙafa ta gaji.

Maganar 'yan rakiya

Akwai masu jagora na hukuma, suna rataye da katin shaida, kuma masaukinka zai samo maka ɗaya. Ɗaukarsa na rabin yini a ranar farko ba asara ba ce. Ku yanke kuɗi tun farko, ka kuma gaya masa ƙarara cewa tarihi ka zo gani, ba ka son a kai ka shago, domin yawancinsu suna da la'ada a kan duk abin da ka saya.

Sai samarin bakin lungu. Wani ya taɓa tare ni ya ce hanyar da na nufa a rufe take saboda salla, ya ce in biyo shi ta wata. Na bi shi, muka yi ta lanƙwasa har muka ƙare a shagon darduma, ya kuma tsaya yana neman ladan rakiya. Hanyar a buɗe take. In an ce maka an rufe, je ka gani da idonka. Amsa ɗaya ta isa: la, shukran, wato a'a, na gode, da murmushi, ba tare da ka tsaya ba. In tambaya ta kama ka, tambayi mai shago da ke zaune a cikin shagonsa, ko dattijo. Kuma kada wannan ya sa ka ɗaure wa kowa fuska. Sau da yawa za a kira ka Alhaji, a tambaye ka ko daga Senegal kake, a nuna maka hanyar zawiya tun ba ka tambaya ba, ba don ana son komai a wurinka ba.

Rana ta biyu: majema, zawiya da hayin Andalus

Je majemar Shuwara da safe, lokacin da ake tsakiyar aiki. Ana kallonta ne daga rufin shagunan fata da suke kewaye. A ƙofa za a ba ka reshen na'ana'a ka kara a hanci, karɓa, warin ba wasa ba ne. Ramukan farare na farar ƙasa ne da kashin tattabaru, a nan ake zubar da gashi a tausasa fata. Masu launi kuma na rini ne. Za ka ga maza tsundum har cinya suna tattaka fata da ƙafa, wasu suna kankara da wuƙa mai baki biyu, wasu suna shanya a kan rufi. Wanda ya san majemanmu da bagaruwarsu, ko ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata, ba zai ji baƙunta ba. Ka tuna kuma cewa fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme a ƙasar Hausa aka ratsa Sahara da ita, ita ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Ba dole ne ka sayi komai ba, amma ka bai wa wanda ya hau da kai ɗan abin shayi.

Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani tana unguwar Blida, tsakanin majema da Ƙarawiyyin, za ka gane ta da koriyar hasumiya da ƙofa mai ado. An haifi Shehun a Ainu Madi ta Aljeriya, ya zauna a Fas a zamanin Sarki Maulaya Sulaimanu, ya rasu a 1815 aka binne shi a nan. Mai son halartar wazifa ya tambayi lokutanta a ƙofa. Zikirin Juma'a bayan la'asar shi ne lokacin da wurin ya fi cika, ka zo da wuri in kana son wurin zama. Mata suna da ɓangarensu. A nan za ka ji Wolof da Fulatanci da Bambara da Hausa a sahu ɗaya. Ko kai ba ɗan ɗariƙa ba ne, wurin wani yanki ne na tarihin ƙasarmu, ka shiga da ladabi, ka ajiye waya a aljihu, kada ka ɗauki hoton masu ibada. Sadakarka ka sa a inda aka tanada, kada ka fito da damin kuɗi a bakin ƙofa.

Da yamma ka haye kogi zuwa masallacin Andalus, wanda ake dangantawa ga Maryamu, 'yar'uwar Faɗimatu. Wannan hayin ba shi da yawan baƙi, kasuwarsa ta mutanen gari ce, farashi ma ya fi sauƙi.

Ci da ciniki

Da safe nemi bisara, fate-faten wake mai kauri da man zaitun, da gurasa mai zafi, a rumfunan da ma'aikata suke ci. Da yamma harira, wata irin miya da ake sha. Ɗajin nama ne ko kaza da aka dafa a hankali cikin kaskon ƙasa mai murfi kamar malfa. Kuskus abincin Juma'a ne. Abincin da Fas take alfahari da shi kuwa basɗila ce, naman tattabara ko kaza cikin ɓawon fulawa mai ƙamas-ƙamas, an barbaɗa sukari da kirfa a kai. Bakin da bai saba da nama da zaƙi ba zai yi mamaki, amma a ɗanɗana ko sau ɗaya. Abincinsu ba ya da yaji, taho da ɗan ƙullin yajinka. Ruwa kuma na gora.

Ciniki irin namu ne, ba abin da za a koya wa wanda ya san Kurmi. Bshhal shi ne nawa, gali bizzaf shi ne ya yi tsada da yawa. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, kuma kada ka sayi komai a ranar farko, zagaya ka ji farashi tukuna. Jallabiya, ka juya cikinta ka duba ɗinki da igiyar ƙirji, na hannu ya bambanta da na inji. Balga, takalmin nan rawaya mai tsinin baki, ka lanƙwasa shi ka shinshina, fatar da ba ta jemu sosai ba warinta ba ya fita. Jar dara ma tana nan, ita ce Turawa suke kira da sunan garin.

Rana ta uku: Fas Jadid da kan tudu

Wannan rana ta hutun ƙafa ce. Bi ta lambun Jinan Sabil zuwa Fas Jadid, wadda Banu Marin suka gina a 1276 don fada da sojoji. Fadar sarki ba a shiga, sai a tsaya a ga ƙofofinta bakwai na tagulla. Kusa da ita Mallah ce, tsohuwar unguwar Yahudawa, inda gidaje suke da baranda masu kallon titi, saɓanin na tsohon gari. Wurin ibadarsu na Ibn Danan yana buɗe ga baƙi.

Bayan la'asar ka hau tasi zuwa Burj na Arewa, ganuwar da Sarki Ahmadul Mansur ya gina a 1582, yanzu gidan adana makamai. Shi ne sarkin da rundunarsa ta ratsa hamada ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, da irin bindigogin da za ka gani a ciki. Daga nan taka zuwa kufan kaburburan Banu Marin. Duk garin yana ƙarƙashinka: koren rufin Ƙarawiyyin, hasumiyar Maulaya Idrisu, fatu a shanye a jikin tudu. A cikin waɗannan lungunan Hasanul Wazzan ya tashi, matafiyin da ya rubuta labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir a ƙarni na 16. Jira kiran magariba, yadda yake tashi daga hasumiya ɗaya ya kama ta kusa har kwarin ya cika. Da an gama ka sauka, wurin ba na zama cikin duhu ba ne, kuma ya fi kyau ka ce wa mai tasin da ya kawo ka ya jira.

In akwai rana ta huɗu

Jirgin ƙasa yana kai ka Miknas cikin ƙasa da awa ɗaya. Ita ce hedikwatar Maulaya Isma'ila, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, kuma ƙofar Bab Mansur kaɗai ta isa dalilin zuwa. Daga nan ka yi shatar babbar tasi zuwa Walili, kimanin kilomita 30, kufan birnin Rumawa mai ginshiƙai da daɓen ƙananan duwatsu masu hotuna da har yau launinsu bai gushe ba. Babu inuwa ko kaɗan, je da safe da hula da ruwa. Garin Maulaya Idris Zarhun, inda kabarin Idrisu na ɗaya yake, yana kan dutse ana hango shi daga kufan. Ku yi magana da direba a kan wurare biyun da lokacin jira, kuma sai an dawo Miknas za ka biya cikon kuɗinsa.

Komawa

Sayi tikitin jirgin ƙasa kwana ɗaya kafin tafiya. Lissafa awa huɗu zuwa Kasablanka, da sauyi a Casa Voyageurs, da awa uku na filin jirgi, sannan ka ƙara awa ɗaya ta ko-ta-kwana. In jirginka na safe ne, kwana a Kasablanka. Doka ba ta yarda a fita da dirhami mai yawa ba, don haka ka adana rasiɗin canjin da ka yi, da shi za ka mayar da ragowar zuwa dala ko yuro kafin ka wuce jami'an fasfo. Kayan fata ka naɗe su a leda dabam, in ba haka ba duk tufafinka za su ɗauki warin Shuwara. Tangaram kuma ka sa a tsakiyar jallabiyoyi cikin jakar hannu, man zaitun da ruwan wardi su tafi cikin babban akwati, a ɗaure bakinsu da kyau.